Yadda ake gyara ƙungiyar NFL tsakanin Fabrairu da Agusta

Wanda ya saba bin kasuwar 'yan wasan Firimiya ko La Liga, in ya leƙa gasar NFL ta ƙwallon Amurka, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne babu attajirin da ya isa ya zuba kuɗi ya kwashe gwanaye. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma iyakar abin da kowace za ta kashe a albashi ɗaya ce. Ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi, sai dai musaya, ɗan wasa da ɗan wasa ko ɗan wasa da gurbin zaɓe. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ce ke fara zaɓar matashi a zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Afrilu, wanda ake kira diraf. Saboda haka babban manajan ƙungiya kamar mai cefanen gida yake: an ba kowa kuɗi daidai wa daida, bambancin yana wurin wanda ya iya ciniki.

A ɗauka kai ne a kujerar. An gama Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a Fabrairu, kuma a farkon Satumba za a dawo fili. Ga yadda aikin yake tafiya, kuma jerin yana da muhimmanci, don yawancin ɓarnar da ake yi tana zuwa ne daga yin mataki na huɗu kafin na farko.

Mataki na 1: Ƙidaya abin da ke gida

Kafin ka kalli ɗan wasan kowa, zauna da masu horarwa ku bi naku ɗaya bayan ɗaya. A kakar wasa mutum 53 ake riƙewa, 11 ke shiga fili a lokaci guda, kuma rukunin hari daban yake da rukunin tsaro. Ga kowane suna a rubuta shekarunsa, raunukan da ya sha, shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da abin da zai ci baɗi. Sai a raba su gida uku: waɗanda ake gina ƙungiya a kansu, waɗanda za a iya cin wasa da su, da waɗanda ake nema musu magaji.

Masu horarwa suna da son zuciya a nan, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya yi shekara shida yana aiki da mutum zai tuna ranar da ya cece shi, ya manta cewa ƙafafunsa sun fara nauyi. Aikinka shi ne ka tambayi abin da zai iya baɗi da baɗin baɗaɗa.

Tambaya ɗaya ce ke gaba da sauran duka: kana da kwatabak? Shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa ko ya miƙa, kuma babu matsayin da ya kai nasa tasiri. In kana da gwani kuma yana kan kwantiraginsa na farko mai arha, to yanzu ne lokacin kashe kuɗi a sauran wurare, don damar ba ta daɗewa. Seattle ta ɗauki kwatabak Russell Wilson a zagaye na uku na diraf ɗin 2012, ta ci Super Bowl a Fabrairun 2014 yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, rarar kuma ta tafi wajen masu tsaro. In gwaninka ya riga ya shiga manyan kuɗi, dole ka cike sauran gurabe da matasa masu arha. In kuma ba ka da shi sam, kada ka yaudari kanka da sayen tsofaffi masu tsada. Tara guraben zaɓe ka jira.

Mataki na 2: Lissafin iyakar albashi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. An fara iyakar albashi a 1994 da dala miliyan 34.6 ga kowace ƙungiya. A 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Tana bin kuɗin shigar gasar ne, shi ya sa kusan kullum hawa take yi, ko da yake a 2021 ta faɗo zuwa miliyan 182.5 bayan annobar korona ta hana 'yan kallo shiga fili. Duk wanda ya tsara kwantiragi a kan cewa gobe za ta fi yau, a shekarar ya ji a jikinsa.

Abin da ɗan wasa ya karɓa a hannu da abin da littafin iyaka ya rubuta a kansa ba ɗaya ba ne. Albashin shekara ana lissafa shi a shekararsa. Kuɗin sa hannu kuwa, ko da an biya shi rana ɗaya, ana raba shi a kan shekarun kwantiragi, har zuwa biyar. Misali, ka ba mutum kuɗin sa hannu miliyan 20 a kwantiragin shekara biyar: littafi zai rubuta miliyan 4 kowace shekara. In bayan shekara biyu ka gaji da shi ka sallame shi, miliyan 12 ɗin da suka rage za su faɗo maka lokaci guda. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi, wato kana biya wa mutumin da ba ya tare da kai, wataƙila ma yana can yana cin ku a wata ƙungiya. Akwai ɗan sassauci: in sallamar ta zo bayan 1 ga Yuni, bana miliyan 4 kawai za a rubuta, sauran 8 su koma baɗi. An yarda kowace ƙungiya ta sallami mutum biyu tun a Maris amma a lissafa su kamar bayan 1 ga Yuni aka yi.

Wilson ɗin nan dai shi ne misali a ɗaya gefen. A 2022 Denver ta ba Seattle guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, da 'yan wasa uku don ta same shi, sannan ta ƙara masa kwantiragin shekara biyar na miliyan 245 kafin ya buga mata wasa ko ɗaya. A Maris 2024 ta sallame shi, mataccen kuɗin ya kama miliyan 85, ta raba shi 53 a 2024 da 32 a 2025. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ana iya buɗe wuri ta hanyar sake fasalin kwantiragi. Mutum yana da shekara uku a gaba, sai ka ɗauki miliyan 15 daga albashinsa na bana ka mayar da su kuɗin sa hannu. Shi ba ya asarar komai, hasali ma ya karɓa da wuri. Kai kuma bana miliyan 5 za a rubuta maka maimakon 15. Amma sauran 10 ɗin suna nan suna jiranka, kuma sun sa sallamarsa nan gaba ta ƙara tsada. Ka yi wa wanda ka tabbata zai kai ƙarshen kwantiraginsa yana da amfani. Ga ɗan shekara 31 mai ciwon gwiwa, bashi ne kawai kake ci.

Kafin ka ce kana da rarar kaza, cire abin da sababbin matasan diraf za su ci, cire na rukunin atisaye, wato 'yan ajiya da ke horo da ƙungiya ba tare da suna cikin 53 ɗin ba, sannan ka ware wani abu don maye gurbin waɗanda za su ji rauni a tsakiyar kaka. Abin da bai ƙare ba ana iya tsallakawa da shi zuwa baɗi, don haka ba dole ne a cinye komai ba.

Mataki na 3: Wa za a riƙe, wa za a saki

Ɗan wasan da ya cika kaka huɗu kuma kwantiraginsa ya ƙare sakakke ne, yana iya tafiya inda ya ga dama. Mai kaka uku kuwa akwai sauran igiya a ƙafarsa: za ka iya yi masa tayin shekara ɗaya, in wata ƙungiya ta zo da nata tayin kana da damar biyan daidai da shi ka riƙe abinka.

Ga gwanin da ba ku daidaita ba akwai tambarin riƙo, sau ɗaya a shekara ga mutum ɗaya, tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris. Kwantiragin shekara ɗaya ne, ana ƙiyasta kuɗinsa daga abin da manya biyar na matsayinsa ke ci, ko kashi 120 cikin ɗari na albashinsa na baya, duk wanda ya fi yawa. A nau'in da aka fi amfani da shi, wata ƙungiya na iya zawarcinsa, amma in ka ƙyale ta tafi da shi sai ta ba ka guraben zagayen farko biyu, abin da da wuya a ga mai yi. Kuna da har tsakiyar Yuli ku ƙulla dogon kwantiragi. 'Yan wasa ba sa son tambarin nan, don rauni ɗaya na iya raba mutum da arzikin rayuwarsa, kuma duka kuɗin a shekara ɗaya yake hawa littafinka. Ka ɗauke shi a matsayin sayen lokaci.

Wanda ka san ba za ka iya biya ba, gara ka yi musayarsa tun yana da daraja. Kansas City ta yi haka da Tyreek Hill a 2022: ta ba Miami shi ta karɓi guraben zaɓe biyar, jama'a suka yi ta surutu, ta kuma ci Super Bowl biyu a jere bayan tafiyarsa.

Mataki na 4: Kasuwar Maris

A tsakiyar Maris sabuwar shekarar gasar ke farawa, kuma kwana biyu kafin nan ake halatta magana da wakilan sakakkun 'yan wasa. A waɗannan kwanakin farko ake biyan farashi mafi muni. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa ƙungiyar da ta fi kowa sanin mutumin, wadda ke ganinsa a atisaye kullum kuma likitocinta sun san gwiwarsa, ta bar shi ya fito kasuwa. Wani lokaci kuɗi ne kawai suka yi mata kaɗan. Wani lokaci kuma ta san abin da ba ka sani ba. Washington ta ba Albert Haynesworth kwantiragin shekara bakwai na miliyan 100 a 2009. Kaka biyu kawai ya yi a can.

A wurina amfanin kasuwar Maris shi ne toshe ɓaraka. Duk matsayin da ba ka da wanda zai iya fara wasa a cikinsa gobe, nemo matsakaicin ɗan wasa a kwantiragin shekara ɗaya ko biyu. Manufar ita ce ka shiga diraf ba tare da wani rami da zai tilasta maka ɗaukar wanda bai cancanta ba. In ka yi haƙuri mako biyu, farashi yakan faɗo, kuma waɗanda suka yi tsammanin za a yi rububinsu sukan sauko.

A kowane kwantiragi, kada babban adadin da 'yan jarida ke yayatawa ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka lamunce, da kuma shekarar da za ka iya fita ba tare da mataccen kuɗi mai yawa ba.

Akwai kuma guraben diyya. In sakakkun da suka bar ka sun fi waɗanda ka ɗauko yawa da daraja, baɗi gasar za ta ba ka ƙarin gurabe tsakanin zagaye na uku da na bakwai, har zuwa huɗu. Wanda wata ƙungiya ta sallama da kanta ba ya shiga wannan lissafin, haka ma wanda ka ɗauka 'yan kwanaki bayan diraf. Baltimore ta daɗe tana cin wannan moriya fiye da kowa. Gurbi na 199 da New England ta ɗauki shahararren kwatabak Tom Brady da shi a 2000 ma na diyya ne.

Mataki na 5: Tantance matasa da jera allo

Masu leƙen 'yan wasa sun riga sun shafe kaka guda suna yawo a jami'o'i. Dokar ita ce sai matashi ya yi shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga diraf. Daga ƙarshen Janairu ake fara ganinsu kusa da kusa: wasan Senior Bowl na zaɓaɓɓun 'yan wasan jami'a a Mobile ta jihar Alabama, sai babban gwaji a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, sai ranakun gwaji a jami'o'insu, sannan kowace ƙungiya na iya gayyato mutum 30 ofishinta.

Talabijin ta fi son tseren yadi 40. Xavier Worthy ya yi shi a daƙiƙa 4.21 a 2024, ya karya tarihin John Ross na 4.22 a 2017. Shi Ross, Cincinnati ta ɗauke shi a gurbi na 9, kuma bai yi abin a zo a gani ba. Gudu cikin gajeren wando ba tare da wani na neman kayar da kai ba, abu ne daban da wasa. Abin da ƙungiyoyi suka fi amfana da shi a Indianapolis shi ne binciken likitoci da hira ido da ido. Bidiyon wasanninsa na jami'a shi ne tushe. Gwaji yana tabbatar da abin da ka gani ne, ko ya sa ka koma ka sake kallo.

Sai a jera allo. Kowane matashi a ba shi daraja, a haɗa masu daraja ɗaya rukuni guda. Amfanin rukuni shi ne in lokacinka ya zo kuma akwai mutum huɗu masu daraja ɗaya, sai ka ɗauki wanda ya dace da buƙatarka, ko ka ja baya ka karɓi ƙari. Kada ka tsallaka zuwa rukunin ƙasa don kawai kana da rami.

Matsayi ma yana da farashi. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da 'yan wasa, albashin sababbi a ƙayyade yake gwargwadon gurbin da aka ɗauke su: shekara huɗu, da zaɓin ƙara ta biyar ga 'yan zagayen farko. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, ya sa hannu a kan miliyan 78. Cam Newton, na ɗaya a 2011, miliyan 22. Tunda kuɗin gurbi ɗaya ne ko wa ka ɗauka, riba ta fi yawa in ka ɗauki matsayin da ke da tsada a kasuwa: kwatabak, mai farautar kwatabak, mai kare bayansa a gefen katanga (layin ƙartin da ke tsaye a gabansa), mai cafke ƙwallo, da mai tsare masu cafkewa. Mai gudu da ƙwallo ana samunsa da arha a Maris ko a zagayen baya, shi ya sa ba a cika ɗaukarsa da wuri ba sai ya zama na daban.

Mataki na 6: Cinikin gurabe

Tun farkon shekarun 1990 ake amfani da jadawalin maki da Dallas ta ƙirƙiro zamanin koci Jimmy Johnson. Gurbi na 1 maki 3000 ne, na 10 1300, na 16 1000, na 32 590. In kana na 16 kana son na 10, giɓin maki 300 ne, wato daidai darajar gurbi na 60. Gurbin baɗi kuma a al'ada ana rage masa zagaye ɗaya: na biyun baɗi kamar na ukun bana yake. Ƙungiyoyi da yawa yanzu suna da nasu jadawalin, musamman bayan binciken masana Cade Massey da Richard Thaler ya nuna ana tsawwala farashin guraben sama fiye da abin da suke haifarwa.

Dalilin a bayyane yake. Ko ƙwararru suna kuskure sosai a kan matasa, don haka mai ƙuri'a goma ya fi mai biyar damar dacewa. A 1999 New Orleans ta ba Washington duka gurabenta na shekarar, da na farko da na ukun 2000, don Ricky Williams kaɗai. A 2021 San Francisco ta hau daga na 12 zuwa na 3, ta ba da guraben farko na 2022 da 2023, ta ɗauki kwatabak Trey Lance. Wasa huɗu ya fara mata, daga baya ta ba Dallas shi a kan gurbin zagaye na huɗu. Abin dariyar shi ne wanda ya kai ta Super Bowl, Brock Purdy, shi ne mutum na ƙarshe a diraf ɗin 2022, na 262, a lokacin yana karɓar ƙasa da miliyan ɗaya a shekara. Chicago kuwa ta sayar wa Carolina gurbi na 1 a 2023, cikin abin da ta karɓa har da na farkon Carolina na 2024, wanda ya zo ya zama na 1 shi ma.

Hawa sama yana da ranarsa. Kansas City ta tashi daga na 27 zuwa na 10 a 2017, ta ba Buffalo gurbinta na zagaye na uku da na farkon 2018, ta ɗauki kwatabak Patrick Mahomes, ta zaunar da shi shekara guda a bayan Alex Smith. Los Angeles Rams ma ta shafe 2017 zuwa 2023 ba ta zaɓi kowa a zagayen farko ba, tana musayar gurabe da gwanaye, ta ci kofi a Fabrairun 2022. Abin da zan ce shi ne, in don kwatabak ne kuma kowa a ɗakin ya gamsu, hau. In don wani matsayi ne, ka fi karkata ga ja da baya. Kuma ka kira sauran manajoji tun mako guda kafin ranar, ku tsayar da farashi, don in agogo ya fara tafiya babu lokacin dogon ciniki.

Mataki na 7: Kwana ukun diraf da sa'o'in bayansa

Zagaye bakwai ne a ƙarshen Afrilu: na farko daren Alhamis, wanda ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar ƙarfe ɗayan dare yake kamawa, na biyu da na uku Juma'a, sauran Asabar. Aikin an gama shi tun a allo, saura bi. Daga zagaye na biyar zuwa ƙasa, nemi mai wata baiwa guda fitacciya, ko wanda zai yi aiki a rukunin bugun ƙwallo, don ta nan yawancinsu ke samun wurin zama.

Ana kiran sunan ƙarshe wayoyi za su ɗau zafi, don duk wanda ba a zaɓa ba sakakke ne. Taurari irin su Kurt Warner, Antonio Gates da Tony Romo duk ta wannan ƙofar suka shigo. Abin da ke jawo irinsu shi ne ka nuna musu matsayin da kake da ƙarancin mutane. Akwai kuma shirin 'yan wasan ƙasashen waje da aka fara a 2017, wanda Jordan Mailata na Ostireliya da Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya tashi a Landan, suka bi. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, ya yi ta nemo matasa daga Najeriya, gasar ta kuma yi sansanin gwaji a Ghana a 2022. Ɗan wannan shiri yana da ƙarin gurbi na musamman a rukunin atisaye, don haka gwada shi ba ya cinye wurin kowa.

Mataki na 8: Daga 90 zuwa 53

A bazara ana iya riƙe mutum 90. Akwai atisayen Mayu da Yuni, sansanin horo daga ƙarshen Yuli, da wasannin share fage uku a Agusta. A ƙarshen Agusta, rana ɗaya, sai a sauko zuwa 53. Uku daga ciki na masu bugu ne da mai miƙa musu ƙwallo, kwatabak biyu ko uku, 'yan katanga tara ko goma, masu tsaro wajen 25.

A guraben ƙarshe, tsakanin tsoho da matashi masu ƙarfi ɗaya, matashin ya fi, don yana da arha kuma yana iya ƙaruwa. Kada gurbin da ka ɗauki mutum da shi ya hana ka sallamarsa in wanda ba a zaɓa ba ya fi shi. Sauran 'yan wasa suna gani, kuma sun san wanda ya fi. Ka tuna kuma duk wanda bai cika kaka huɗu ba, in ka sake shi, sai ya bi ta layin da sauran ƙungiyoyi 31 ke da damar ɗauke shi kafin ka iya mayar da shi rukunin atisaye na mutum 16. Saboda haka kafin ka saki matashin da ya haskaka a wasannin Agusta, ka ɗauka wani ya gan shi.

Kai ma a daren nan masu leƙenka su kwana a kan jerin waɗanda wasu suka saki, wajen mutum dubu a rana ɗaya. A farkon kaka jerin fifikon ɗauka yana bin jerin diraf ne, don haka in ka sha kashi bara, kana gaba a layi. Ka bar gurbi ɗaya ko biyu a ƙasan jerinka da za ka iya sauyawa washegari da safe.